Ƙaron gida a tawadar Santambul

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Baba da Inna, a gaya musu hunturun bana ya zo min da sauƙi. Ka ce hotunan masallatai sun isa haka, in zauna in faɗa maka yadda zaman yake a Istanbul, wato Santambul ɗin da Kaka take ambata: me ake saye, me ake biya, me ya fi namu na Bauchi. To, bismilla.

Zirga-zirga ce ta fara shiga raina. Kati ɗaya ne, sunansa Istanbulkart, da shi nake hawa bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa, kuma ɗalibi yana da rangwame. Ina zaune a Uskudar, ɓangaren Asiya, makarantarmu kuwa tana ɓangaren Turai, saboda haka kullum sai na ƙetare ruwan Bosforus. In ina sauri sai in bi Marmaray, jirgin da aka buɗe a 2013, wanda yake ratsawa ta ƙarƙashin tekun. In da sauran lokaci sai jirgin ruwa, in sayi shayi a ɗan kofin gilashi in zauna ina bitar darasi. Abin da ya fi min komai shi ne allon tasha. Idan ya ce saura minti huɗu, to minti huɗun ne. Ka tuna tsayuwarmu a Wunti muna jiran Keke zuwa Yelwa, ga rana, ga ciniki, kuɗin da ka biya da safe ba shi za ka biya da la'asar ba in fetur ya motsa. Ban ga laifin mai Keke ba, shi ma nema yake. Amma sai da na zo nan na gane yawan sa'o'in da jira yake ci mana.

Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, na manta rabon da in yi karatu da fitilar waya. Sai dai a biya ake. Da sanyi ya shigo, kuɗin gas ɗin ɗumama ɗaki yakan sa mu huɗun da muke haya tare mu zauna mu yi lissafi. Ruwan famfo yana zuwa dare da rana, amma yawancin mutane ba sa sha, sai a kira mai shago ya kawo jarkar lita 19 har ƙofa.

Kada wanda ya ce maka nan babu tsada. A watan Oktoban 2022 hukuma da kanta ta ce hauhawar farashi ya haura kashi 85 cikin ɗari, kuma har yau mai shago yana yawan sake takardar farashi. Nama sai jefi-jefi. Wayar da ka saya min kuwa, bayan kwana 120 da shigowata sai ta daina kama layin nan, domin wayar da aka shigo da ita daga waje sai an yi mata rajista, kuɗin rajistar kuma ya fi ƙarfina. Na ajiye ta na sayi ta hannu. Abin ya yi min ciwo, don kyautarka ce.

Abinci akwai shi. Burodi mai zafi a kowane lungu, da simit mai kama da zobe wanda aka barbaɗe da riɗi, ga zaitun da cuku. Unguwa tana da ranar kasuwarta sau ɗaya a mako, a kafa rumfuna a kan titi da safe a kwashe da dare, tamkar kasuwar ƙauye. Suna da wata al'ada da nake ƙauna: mutum ya sayi burodi biyu, ya ɗauki ɗaya, ya bar ɗaya a rataye a gidan burodin, mabuƙaci ya zo ya karɓa ba tare da ya san mai bayarwa ba. Duk da haka, Yaya, ban sami abin da ya kama ƙafar masar Bauchi da miyar taushe ba. Daddawa da kuka da manja sai a shagunan 'yan Afirka wajen Aksaray, a ƙulli ɗan mitsitsi, da kuɗin da zai yi wa gidanmu cefanen yini.

Aikin hannu ma mun fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Tufafin kanti sun cika gari, amma ka ce tela ya auna ka ya ɗinka maka, wannan sai masu hali. Rage tsawon wando kawai na kai, na biya abin da ya sa na tuna telanmu na Jahun, wanda zai yi maka kaftani da aiki a wuya, ya ce ka kawo kuɗin in an yi albashi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun ina makarantar allo nake son rubutu, har Malam yake ba ni zayyanar allunan masu sauka. A nan na sami wani dattijo mai koyar da haɗɗi, wato fasahar ƙawata rubutun Larabci, ina zuwa wurinsa duk Asabar. Ba ya karɓar ko kwabo, ya ce shi ma haka ya karɓa daga malaminsa. Darasin farko addu'a ce, "Rabbi yassir wa la tu'assir", ita na yi ta maimaitawa makonni, yana gyara min da jar tawada, yana auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami. Sai bayan shekaru ɗalibi yake samun ijaza, wato shaidar izinin malami, sannan ya sa hannu a ƙarƙashin aikinsa. Ka duba, Turkiyya ƙasa ce da ta bar haruffan Larabci ta koma na boko tun 1928, amma sana'ar ba ta mutu ba, har UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2021.

Dalilin rayuwarta, a ganina, shi ne tana da kasuwa. Akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai kayan marubuta: alƙaluman gora iri-iri, wuƙar fiƙe, ruwan zinare, da takardar da aka shafe da farin ƙwai da alif ɗin da ake tace ruwa da shi, aka goge ta, aka ajiye ta watanni kafin tawada ta hau kanta. A kanta alƙalami santsi yake yi, in ka yi kuskure kuma ka goge. Mu a gida takarda ko dai ta littafin makaranta ko ta hoto, tawada ta yi ta naso.

Ranar da na sayi kwalbar tawada ta farko na tambayi mai shago da me aka yi ta. Ya ce baƙin hayaƙi da ruwa da ƙaro, ana dakawa a turmi kwana da kwanaki. Na ce ƙaron daga ina? Ya ce daga Afirka. Yaya, sai da jikina ya yi sanyi. Ƙaron da ake tsinka a dazukan Yobe da Borno da Jigawa, wanda almajiri yake jiƙawa a tawadarsa, irinsa ne a cikin wannan kwalba mai tambari da tsada. Hannun muna da shi, kayan muna da su. Alarammomin da suke rubuta Alƙur'ani da ka, shafi bayan shafi, suna nan a tsangayunmu, amma babu shago ɗaya a Muda Lawal ko Wunti da na sani wanda zai sayar musu da takardar da ta dace da aikinsu, balle wurin da za a rataye zayyana mutane su zo su gani su saya.

Na rubuta wa malamin haɗɗin Fatiha da rubutunmu na Warshu, mai kauri, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ya daɗe yana kallo, ya kira ɗalibansa su gani, ya tambaye ni da wane alƙalami ake yin sa. Na ce na gamba. Bai taɓa ganin gamba ba.

Saboda haka ina roƙonka, in ɗan gidan Kawu zai taso bayan Sallah, ka je wurin Malam ka gaishe shi, ka karɓo min alƙaluman gamba kamar goma, da ƙaramin allo ɗaya mai zayyana, ko da tsoho ne. A naɗe alƙaluman a tsumma kada su karye a jaka. Inna kuma ta taimaka min da kuka da daddawa, a ɗaure su sosai a leda biyu.

Ƙaninka.