Xpert HPV a ɗakunan gwaji na Legas: abin da yake tsarewa da abin da ya bar wa ma'aikaci

Na'urar GeneXpert ta kamfanin Cepheid ba baƙuwa ba ce a Najeriya, domin da ita aka daɗe ana gwajin tarin fuka. Katirij ɗin Xpert HPV, wato ɗan ƙaramin akwatin roba mai ɗauke da sinadaran gwaji da ake zuba samfuri a ciki, a cikin wannan na'urar yake aiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinsa a 2017. Yana neman nau'i 14 na ƙwayar HPV masu haddasa sankarar bakin mahaifa. Nau'i na 16 yakan fito shi kaɗai a sakamako, 18 da 45 tare, sauran 11 kuma a dunƙule. Cikin kusan awa ɗaya an gama. Ga matar da ta taso daga Agege ko Mile 12 ta sha cunkoson motoci, samun sakamako a ranar ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa idan aka ce su dawo bayan sati biyu ba sa dawowa.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda kowane katirij ke binciken kansa. Kafin gwaji ya fara, na'urar tana duba ko sinadaran ciki sun jiƙe yadda ya kamata. Sannan tana neman wata alamar halittar ɗan'adam a cikin samfurin, don tabbatar da cewa an kankaro ƙwayoyin jikin matar da gaske. Idan burushin da ake ɗaukar samfuri daga bakin mahaifa da shi bai taɓa wurin da ya dace ba, na'urar ba za ta ce babu cuta ba, sai ta rubuta INVALID. Wannan kariya ce babba, saboda sakamakon "lafiya lau" na ƙarya shi ne mafi haɗari: mace ta koma gida da kwanciyar hankali, ba za a sake ganinta ba sai bayan shekara 5 ko 10.

Amma ma'aikaci dole ya bambance saƙonni uku da na'urar ke bayarwa idan gwaji bai yi ba. INVALID yawanci laifin samfuri ne. ERROR na nuni ga katirij ko na'ura, misali samfuri mai kauri da majina ya toshe hanya har matsin ciki ya wuce ƙima. NO RESULT kuwa gwajin ne ya katse, kuma a Legas kowa ya san dalili: an ɗauke wuta. Katirij ɗin da ya katse ya tafi ke nan, sai sabo. Duk ɗakin gwajin da ba shi da batir ko inbata mai riƙe na'urar aƙalla awa biyu, asara yake tarawa. Ya kamata a rubuta kowane irin saƙo a littafi daban, a lissafa ƙarshen wata. In suka haura 5 cikin gwaje-gwaje 100, a tsaya a bincika: wane asibiti ne ke aiko da samfuran, wace ƙofar na'urar ce ke yawan kasawa.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Katirij na son tsakanin digiri 2 zuwa 28, ɗakin aiki kuma kada ya wuce 30. A watan Maris, sito marar na'urar sanyaya ɗaki yakan zarce haka tun kafin azahar. Ma'aunin zafi a bango da takardar rubutu safe da yamma sun fi kwalliyar wurin karɓar baƙi muhimmanci.

Wajen zuba samfuri, mililita 1 ake ɗiba daga ruwan PreservCyt, wato ruwan da ake adana samfurin a ciki, bayan an jujjuya kwalbar sosai, a soma gwajin cikin minti 30. A canza safar hannu tsakanin samfuri da samfuri, tunda ɗigo ɗaya daga kwalbar mai cutar ya isa ya gurɓata na gaba.

Inda katirij ɗin ya makance shi ne suna. Bai san kwalbar wa aka zuba ba. Idan Hauwa Musa biyu suka zo rana ɗaya, lambar asibiti da ranar haihuwa a jikin kwalba, ba a kan murfi ba, su ne kawai za su raba su. Haka kuma binciken cikin katirij bai maye gurbin gwada samfuran da aka riga aka san sakamakonsu ba, ɗaya mai cutar ɗaya marar ita, duk lokacin da aka buɗe sabon kason katirij. Ana kuma daidaita na'urar sau ɗaya a shekara. Mai neman wurin gwaji yana da haƙƙin tambayar takardar wannan daidaitawar, da rajistar hukumar MLSCN, mai kula da ɗakunan gwajin lafiya a Najeriya.

Kuɗin gwajin Xpert HPV ya fi na duba bakin mahaifa da ido bayan an shafa ruwan binega, amma ya cancanci a biya. Sai dai samun HPV ba yana nufin sankara ba, don haka wurin da ya dace a je shi ne wanda ke da hanyar tura mace ta gaba, zuwa ga likitan mata a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, tare da ma'aikaciyar da za ta yi mata bayani da Hausa, ta kuma buga waya idan ranar komawa ta wuce.