Kano zuwa Sakkwato ta sama: wane tikiti za ka yanka?

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarkin Musulmi Abubakar III a Sakkwato kimanin kilomita 370 ne a miƙe. Jirgin da ya tafi kai tsaye ba zai cika awa ɗaya a sama ba. Sai dai yawanci ta Abuja ake zagawa: wajen kilomita 360 daga Kano, sannan kusan 490 zuwa Sakkwato. Kusan 850 ke nan, ninki biyu har da ɗoriya. Kowane zango kamar awa ɗaya ne, amma zaman jira a filin Nnamdi Azikiwe na Abuja shi ke cinye yinin.

In ka samu mai tafiya kai tsaye a ranar da kake so, yanki abinka, babu sauran magana. Mota ta Funtuwa da Gusau kuwa, ni dai ba zan ba ɗan'uwana wannan shawara ba.

Zaɓina shi ne kamfani ɗaya ya ɗauke ka duka zango biyun, a tikiti ɗaya in da hali, kuma ka bi jirgin farko na safe. Jirgin safe bai riga ya kwashi lattin wasu garuruwa ba. In kuma ya makara, kana da bakin magana a kantar kamfanin, don su suka ɓata maka lokaci, su za su nema maka kujera a na gaba. Ka bar aƙalla awa uku tsakanin sauka da tashi, da hunturu ma ka ƙara, saboda hazo kan hana jirgi sauka a Kano da Sakkwato duka.

Haɗa kamfani biyu don neman sauƙi? Arha ba ta ado. Na gwada a wani Janairu za ni ɗaurin aure. Hazo ya riƙe mu a Kano har bayan azahar, muna sauka Abuja na tarar ɗayan ya daɗe da tashi. Yarinyar da ke kantar kamfani na biyun ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Alhaji, ai ba jirginmu ne ya makara ba." Na kwana a otal da babbar rigata a jaka, na sake sayen tikiti, na isa an riga an shafa fatiha.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka fi hazo ɓarna. Wani zai turo maka hoton tikiti ta WhatsApp, ga sunanka, ga tambarin kamfani, alhali kujerar kama ta kawai aka yi ba a biya ba, bayan 'yan awanni ta faɗi. Wani kuma shafin bogi ne a Facebook da farashin da ya yi kyau fiye da kima, kuɗin kuma asusun mutum za ka tura, ba na kamfani ba. Lambar kama kujera mai harufa shida ba shaidar biya ba ce. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka sa lambar da sunan mahaifinka, ka ga an rubuta an biya. In wayarka ba ta buɗe ba, ka taka zuwa kantarsu a filin jirgi su duba maka a kwamfuta, kafin ka sallami dillalin.