Ƙamusun Turanci: na Ingila za ka saya ko na Amurka?

Ƙanena yana rubuta wa abokansa labaran wasa irin na jiragen sararin samaniya, da Turanci. Ran nan ya rubuta cewa matuƙi ya ɗauki "torch" ya shiga ɗakin inji, sai abokin wasansa Ba'amurke ya tambaye shi ko jirgin yake so ya ƙona. A Ingila, da mu nan, tocila ce. A Amurka kuwa sanda ce mai ci da wuta, tocila "flashlight" suke ce mata. Haka "first floor": hawa na farko a Landan, ƙasa a New York. Dalilin da ya fitar da ni neman ƙamus ke nan.

Ba zan ɓoye ba, ni ɗan ƙamusun Oxford Advanced Learner's na Ingila ne. A. S. Hornby, wanda ya daɗe yana koyarwa a Japan, ya tsara shi don waɗanda Turanci ba harshensu ba ne. Oxford ta fara buga shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Duk kalmar da ɓangarorin biyu suka saɓa a kanta sai ya yi mata alama, ya kawo lafazi biyu, ya jera misalai. Ga shi rubutun Ingila muke bi a makarantunmu, mai jarrabawa ma ya huta.

Ƙamusun Longman, shi ma na Ingila, ba laifi, da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000 yake bayanin ma'anoni, amma bai kama zuciyata ba. Merriam-Webster na Amurkawa ne, tushensa ƙamusun Noah Webster, wanda ya cire "u" daga "colour". Ka duba shi kyauta a intanet, ka riƙe kuɗinka.

To, ga inda gizo ke saƙa: jabu. An taɓa sayar mini da guda a kasuwa, cikin leda, sai sheƙi. Da na je gida, shafukan harafin S rabi babu, wasu an maimaita su. Na koma, mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa. Kada ka yarda a hana ka yage ledar. Ɗaga shafi ga haske: in rubutun baya ya keto har ya hana karatu, ajiye. Goga yatsa, tawadar jabu kan bi hannu. Duba hotuna masu launi, na jabu dishi-dishi suke. Buɗe tsakiya ka ɗan danna, gam ɗinsu nan take yake saki. In kuma aka faɗa maka rabin farashin kantin littattafai, ka yi sallama ka wuce.