Saitin Kare Fuskar Waya na Signal: Abin da Yake Tarewa da Abin da Ba Ya Iyawa

A wayar Android, shiga saitin Signal, manhajar aika saƙo, ka taɓa Privacy, ka kunna Screen security. Daga nan manhajar za ta ɗora wa kanta alamar da masu rubuta manhaja ke kira FLAG_SECURE, wadda ke gaya wa Android kada ya bari a kwafi abin da ke kan fuskar. Gwada ɗaukar hoton hira, wayar za ta ƙi. Yi rikodin fuskar, baƙi ƙirin za ka samu. Idan ka buɗe jerin manhajojin da ka taɓa kwanan nan, gurbin Signal wayam ne. Wannan na ƙarshen ya fi amfani, domin mai leƙen waya a gida ko a shagon caji ta nan yake fara bi.

A iPhone kariyar ba ta kai haka ba. Apple bai bai wa masu manhaja hanyar hana ɗaukar hoton fuska kai tsaye ba, don haka Signal ɓoye hira kawai yake yi a jerin manhajoji. A kwamfuta kuwa, a watan Mayun 2025 ya kawo irin wannan kariya a Windows 11, a kunne tun farko, don kada Recall na Microsoft, tsarin da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta lokaci-lokaci, ya riƙa adana hirar mutane.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton saitin ya shafi wanda ka tura wa saƙo. Sam. Wayarka kaɗai yake tsarewa. Abokin hirarka zai iya ɗaukar hoto a tasa, kuma ba za a sanar da kai ba. Ko a taka, wata waya da kyamara ta isa.

Akwai kuma ƙofa biyu da ke zama a buɗe. Sanarwar saƙo tana fitowa ko waya na kulle, sai ka shiga Notifications ka zaɓi kada a nuna suna ko saƙo. Ta biyu ta fi muni: muguwar manhajar da ka bai wa izinin Accessibility, wato izinin da aka tanada don taimaka wa masu nakasa amfani da waya, tana iya karanta rubutun kai tsaye, ba ta buƙatar hoto. Duba waɗanda ke da wannan izini, ka janye wa duk wadda ba ka yarda da ita ba.

Saitin kyauta ne, ba ya rage saurin waya. Takurarsa ɗaya: kai ma sai ka kashe shi kafin ka ɗauki hoton shaidar biyan kuɗi da aka turo maka.