Igiyar kare mai komawa ciki, ta kusa ja min rigima da manomi a Peak District

Na sayi igiyar nan ne saboda karen maƙwabciyata, wata dattijuwa da aka yi wa aikin gwiwa, ni nake fita mata da shi ƙarshen mako tunda dama ina fita geocaching. Masu cewa me ya haɗa Bahaushe da kare ku yi haƙuri, zaman Sheffield ne a Ingila, kuma matar nan ta yi min halacci lokacin da na zo ban san kowa ba. Wanda bai san wasan ba, mutane ne ke ɓoye 'yan robobi a daji da cikin gari su sa lambar GPS ɗin wurin a manhaja, kai kuma ka bi da wayarka ka lalubo, ka sa hannu a takardar da ke ciki ka mayar yadda ka same ta. A Oregon ta Amurka aka fara a 2000, yanzu Peak District, yankin tsaunuka da ke kusa da Sheffield, cike take da robobin.

Da farko gaskiya ba ni da ƙorafi. Igiyar mita 5 ce, mariƙin na da daɗi a hannu, karen ya samu sakewa yana shinshine-shinshinensa ni kuma ina kallon waya. Taurari huɗu cikin biyar na yi niyyar ba ta a wannan sharhi.

Sai ranar da muka tashi daga ƙauyen Castleton za mu hau tsaunin Mam Tor ta hanyar Hollins Cross, cikin Afrilu, tumaki sun haihu ko'ina 'yan raguna. Dokar nan a fili take, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli kare ba ya wuce mita 2 a igiya a filayen da aka buɗe wa jama'a saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kusa da dabbobi kuwa ko wane wata ne haka take. To na gajarta igiya na danna kulle, har na ja na tabbatar ya kama. Waya ta nuna saura 'yan taku, na durƙusa gindin ɗan tsanin katakon da ake haye shinge ina laluba ƙarƙashi, kawai na ji ƙas! Kullen ya saki da kansa, ba wanda ya taɓa shi wallahi. Kare ya zabura ya yi kan wata tunkiya da 'ya'yanta, igiya na ta warwarewa tana ƙara, na danna maɓalli na danna shiru, dole na cafki zaren da ɗaya hannun. Wanda igiyar guga ta taɓa suɓuce masa a rijiya ya san abin da yatsuna suka ji, fata ta saluɓe, har yanzu da tabo. Tunkiya ta tsaya tana buga ƙafa, ragunan sun watse, ga manomi nan ya taho a babur ɗinsa mai ƙafa huɗu. Bai yi ihu ba, ni da ma ya yi ihun ya fi min. A hankali ya tuna min cewa tunkiya mai ciki na iya ɓari don tsoro kawai, kuma doka ta ba shi damar harbe karen da ke bin tumakinsa in ba wata hanyar tsayar da shi. Karen ma ba nawa ba, me zan je in ce wa baiwar Allah?

Na ce to tsautsayi ne, ƙila tawa ce ta zo da matsala, bari in ba su taurari uku. Na tura wa mai sayarwa saƙo, suka ce in turo bidiyon lokacin da kullen ya saki. Haba jama'a, wa ke ɗaukar bidiyo a wannan halin? Daga baya suka ce wataƙila karen ya yi wa igiyar nauyi, alhali kilo 14 ne, kwalinsu kuma har kilo 25 ya rubuta. Ƙarshe rangwame suka turo min wai in sayi wata irinta. Nan na tuna ashe tun kafin wannan in zaren ya sha taɓo ba ya komawa ciki sai ka yi ta girgizawa, kuma 'yar jakar ledar kashin da ke maƙale a jiki ta faɗi a hanyar ƙauyen Edale ban ma san inda ba.

Tauraro ɗaya, shi ma don ba yadda za a ba da sifili. In a filin shaƙatawa na cikin gari za ka tsaya ƙila ta yi maka. Ni dai na koma gajeriyar igiya ta gargajiya wadda ba maɓalli ba komai, in zan durƙusa neman roba sai in zura hannu a madaukin in taka sauran da ƙafa. Kuɗina kuma ina nan ina jira.