Wata uku da faifan Orange na Caroline Shaw

Ƙanwata da ke karatu a Amurka ce ta turo min sunan faifan, ta haɗa da gargaɗi: "Yaya, don Allah kada ka kunna shi a mota. Ka bari sai dare ya yi." Ban bi shawararta ba. Ranar da na saya ta intanet, a hanya na kunna, cikin hon ɗin 'yan adaidaita, na ji rabin kiɗan ya ɓace. Sai da na dawo gida, gari ya yi tsit, janareton maƙwabta ya mutu, na sa iyafis, sannan na san abin da na saya.

Faifan ya fito a 2019. Makaɗa huɗu ne kawai a ciki, waɗanda ake kira Attacca Quartet: biyu masu biyolin, wato gogen Turawa, ɗaya mai biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, sai mai celo, babbar da ake jingina wa ƙirji a zaune. Ba ganga, ba mawaƙi, ba 'yan amshi. Ga wanda ya tashi yana jin goge tare da baiti da kirari, wannan shi ne abu na farko da zai daure masa kai. Kunne ya yi ta jiran mai waƙa ya shigo, shiru. A hankali na gane cewa su huɗun nan hira suke yi: wannan ya ɗauko zance, wancan ya karɓe, wani ya katse, wani ya yi gum.

Wadda ta rubuta kiɗan, Caroline Shaw, an haife ta a 1982 a garin Greenville na jihar North Carolina. Tun tana 'yar shekara 2 mahaifiyarta ta fara koya mata biyolin, kuma har yau tana kaɗawa, tana kuma rera waƙa. Ina ganin shi ya sa ta san cikin kayan nan kamar tafin hannunta. A 2013, tana da shekara 30, ta ci kyautar Pulitzer ta fannin kiɗa da wani aiki na muryoyi 8, ta zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin ta.

Kiɗan da ya buɗe faifan, Entr'acte, shi ne ya kama ni, kuma shi kaɗai ya biya ni kuɗina. Ta rubuta shi a 2011 bayan ta ji an kaɗa wani aikin Haydn, tsohon marubucin kiɗa na Ostiriya wanda ya rasu a 1809. Yana farawa cikin ladabi, taku ɗaya bayan ɗaya, kamar dattijo yana shiga zaure. Ana cikin haka sai sautin ya fara karkacewa. Can kuma sai makaɗan su goga tsirkiya ba tare da ta yi amo ba, abin da za ka ji kawai shi ne huci, sak ajiyar zuciyar mutum. Karo na farko sai da na cire iyafis na waiwaya, na zaci wani ne ya shigo ɗakin. A ƙarshe ukun su yi shiru su bar mai celo shi kaɗai, ya bar gogawa, yana tsinkar tsirkiyoyi da yatsa a hankali, kamar wanda ke laluben wani tsohon zance da ya kusa mantawa. Wurin nan na maimaita shi ban san iyaka ba. Yakan tuna min yadda kakata ke fara tatsuniya, barci ya ɗan ɗauke ta, ta farka ta ɗora daga inda ta ga dama, mu kuma ba mai gyara mata.

Sai Valencia, gajeren kiɗa da ta yi wa lemon zaƙi, irin wanda ake saya a kanti. Daga nan faifan ya samo sunansa. Sautin sama-sama ne, siriri, yana tartsatsi kamar ruwan ɓawon lemo idan an matsa shi. Yarana shi suka fi so.

Kiɗan Plan & Elevation kashi 5 ne, kowane kashi da sunan wani sashe na lambun Dumbarton Oaks da ke birnin Washington. Na ƙarshe, wanda aka yi wa wata babbar bishiya, yana da sanyi ƙwarai, shi nake sawa idan na dawo aiki a gajiye. Akwai kuma wani mai tsawo wajen ƙarshen faifan, Ritornello, wanda har yanzu kunnena bai gama sabawa da shi ba. Nakan ɓata a tsakiya, sai na koma baya. Ina nan ina binsa.

An ɗauki sautin kusa-kusa, har kana jin numfashin makaɗan da gogar yatsa a jikin katako. Ban yi mamaki ba da na ji faifan ya ci kyautar Grammy a 2020. Amma wannan kusancin yana da sharaɗi. Tazarar da ke tsakanin wurin da kiɗan ya yi ƙasa da wurin da ya tashi babba ce, lasifikar waya ba za ta iya da ita ba. Wanda zai saya ya tanadi iyafis mai kyau, ya sauke faifan a waya don kada katsewar data ta yanke masa a tsakiya, ya kuma ware minti 11 na Entr'acte ba tare da ya taɓa komai ba.

Na kira ƙanwata na ce mata ta yi gaskiya. Ta ce akwai wani faifan da Attacca suka sake yi na ayyukan Shaw, Evergreen, na 2022. Shi zan saya ƙarshen wata.