Tocilar gano ragowar gam a jikin katako: abin da na gani bayan wata huɗu a warsharmu (shagonmu na kafinta) ta Jidda

Duk kafintan da ya taɓa shafa wa katako launi ya san ɓacin ran da ke cikin ganin farin tabo ya ɓullo a bakin mahaɗa bayan an riga an kammala goge aiki. Farin gam, wanda abokan sana'armu Larabawa ke kira gira, idan ya bushe yakan toshe ƙofofin jikin katako, ta yadda launi ba zai sami hanyar shiga ba, kuma ido ba ya ganinsa sai an shafa. Hakan ya same ni a kan wani teburin cin abinci na katakon da ake kira zan, da wasu 'yan uwanmu na Shara Mansur a Makka suka ba ni aikinsa, har sai da na kankare ƙafafunsa huɗu na sake su daga farko. Wannan asarar ce ta sa na sayi ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet, wato hasken da ke sa wasu abubuwa su yi ƙyalli a cikin duhu, don in riƙa gano ragowar gam kafin in shafa launi.

Irin wannan tocila kashi biyu ce a kasuwa, kuma bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai mai nanomita 395 (lambar da ke nuna nau'in haskenta), wadda ta fi araha, amma tana zubo shuɗin haske mai yawa wanda ke lulluɓe katakon gaba ɗaya har ya danne ƙyallin da ake nema. Akwai kuma mai nanomita 365, wadda haskenta ba ya cika ido, sai dai abin da ya kamata ya haska shi ke fitowa fili. Ta farkon na fara saya a wani shago, mai shagon bai yi mini wannan bayani ba, kuma kuɗina bai yi mini amfani ba. Ta biyun ce nake magana a kanta.

Gaskiyar da ya kamata mai saye ya sani ita ce, tocilar ba ta cika aikinta sai da gam ɗin da aka yi dominta. Da farin gam na yau da kullum, abin da nake gani ɗan dishi-dishi ne wanda ba zan dogara da shi ba, musamman inda aka share ɗanyen gam da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsumman yakan baza shi ya yi siriri ya shige cikin katako. Amma da na gwada Titebond II Fluorescent, na kamfanin Franklin International da ke Ohio a Amurka, wanda aka zuba wa sinadari mai ƙyalli a ƙarƙashin wannan haske, sai lamarin ya sauya. Har shatin yatsana na gani a gefen wata durowa, inda na dafa ba tare da na lura akwai gam a hannuna ba. Ɗan 'yar'uwata da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Kawu, ashe duk wannan muke shafe wa da banish?" Tun daga ranar, shi ke zagaye kowane tabo da fensir kafin mu kankare, sannan mu bi da samfefa, wadda a nan muke kira sanfara.

Tocilar tana da sharuɗɗanta. Dole ne a rufe ƙofa a kashe fitilu, domin ranar Jidda ba ta barin komai ya haska, saboda haka na mayar da binciken bayan sallar Magariba. Zaren tsumman da aka wanke da garin sabulu shi ma yana ƙyalli, har mutum ya zaci gam ne, don haka sai an kakkaɓe aikin sosai tukuna. Haka nan ba a haska ta a ido, kuma ni ba na kunna ta sai da tabarau mai kare wannan haske.

Ban daina tsohuwar dabarar shafa farin tina, wato ruwan tsinka fenti, da tsumma mai tsabta ba, inda katako ke yin duhu na ɗan lokaci, wurin da gam ya toshe kuwa ya tsaya fari. Wannan dabara tana aiki da kowane irin gam, ba ta kuma tayar da gashin katako kamar yadda ruwa ke yi. Inda tocilar ta fi ta shi ne lungunan cikin kabad da ƙarƙashin tebur, wuraren da tsumma ba ya kaiwa sosai, kuma warin tina ke cika wa mutum ƙirji. Wanda ba zai sauya gam ɗinsa ba, shawarata ya riƙe tinarsa ya bar tocilar. Wanda kuma ke yin aikin da za a bar ƙirar katako a fili, ya nemi mai 365, ya tabbatar an rubuta lambar a jikinta kafin ya biya.